Kiwon Kifi A Gida: Lissafi Huɗu Da Za Ka Yi A Wayarka Kafin Ka Sayi Famfon Juya Ruwa

Yau za mu duba wata 'yar na'ura da ba ta kai girman bulo ba, amma rayuwar kifin da ka zuba wa jari ta rataya a kanta, wato famfon da ke juya ruwa a cikin tanki.

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, matashi na iya fara kiwon kifi a tsakar gidansu da tankin tamfol, ko na siminti, ko tankin robar nan mai cin lita 1,000. Wani kuma kifin ado yake ajiyewa a akwatin gilashi a falo ko a shago. Dukkansu tambaya ɗaya suke yi idan sun je kasuwa: wane famfo zan saya? Galibi mai shago zai nuna maka wanda lambar jikin kwalinsa ta fi girma. Wannan lambar ba ita ce yawan ruwan da za ka samu a gida ba. A ƙarshen darasin nan za ka iya lissafa abin da tankinka ke buƙata da kanka, da kalkuletar wayarka kawai.

Me ya sa sai ruwa ya motsa?

Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ruwa kaɗan yake iya riƙewa. Idan sanyinsa ya kai digiri 20 a ma'aunin Selshiyos, lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9. A digiri 30 sai ya sauko zuwa kusan 7.5, a digiri 35 kuma kusan 7. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40, ruwan tanki yana riƙe iska kaɗan, shi kuwa kifi a lokacin ne jikinsa ya fi buƙatar ta. Yawancin kifin kiwo sun fi walwala idan oksijin bai gaza miligiram 5 a kowace lita ba.

Oksijin yana shiga ruwa ne ta samansa, inda ya haɗu da iska. A babban ruwa kamar madatsar Warwade, iska ce ke kaɗa saman ruwa dare da rana, kuma kifin a warwatse yake. Tankin da ke tsakanin katanga huɗu, cike da kifi, ba shi da wannan gatan. Idan ruwansa ya tsaya cik, na sama ne kaɗai ke samun iska, na ƙasa kuma nan kashin kifi da ragowar abinci ke taruwa suna ruɓewa suna cinye ɗan abin da ya rage.

Sai kuma amoniya, gubar da kifi ke fitarwa bayan ya ci abinci. Ɓangarenta mai kisa yana ƙaruwa da zafi da kuma hawan ma'aunin pH. A digiri 30, idan pH yana kan 7, ɓangaren mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8, ya zama kusan kashi 7. Juya ruwa kaɗai ba ya kawar da amoniya. Aikin famfo shi ne ya kai ruwan cikin matata, inda wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke mayar da ita abin da bai kai ta illa ba. Inda babu matata, dole a riƙa canza ruwa.

Abin da masu kiwon murjani suka gano

Wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon wasu akwatunan gilashi a YouTube ko TikTok, masu shuɗin haske da wasu abubuwa kamar furanni suna rangaji a cikin ruwa. Murjani ne mai rai, dangin wanda ake yin tsakiyar wuya da shi. Halitta ce ta ruwan gishiri da ke manne a wuri ɗaya, ba ta iya zuwa neman abinci, ba ta iya guje wa dattinta. Igiyar teku ce ke kawo mata abinci ta kuma wanke ta. Don haka masu ajiye murjani a gida a Turai da Amurka da Asiya sun fi kowa nazarin motsin ruwa. Sukan juya ruwan akwatinsu sau 10 zuwa 20 a kowace awa saboda murjani mai laushi, har sama da sau 30 saboda mai tauri. Kamfanoni irin su Tunze na Jamus da EcoTech Marine na Amurka da Jebao na Sin suna ƙera musu famfuna na musamman, wasu ma da manhajar waya ake sarrafa su.

Tarwaɗa da karfasa ba sa buƙatar wannan ƙarfin, zai ma wahalar da su. Amma akwai darussa uku da za mu ara. Na farko, ana auna famfo ne da yawan ruwan tanki, ba da ido ba. Na biyu, motsi mai faɗi da laushi ya fi tsiri ɗaya mai ƙarfi amfani. Na uku, ƙananan famfuna biyu sun fi babba ɗaya, domin suna isa kowane lungu, kuma in ɗaya ya lalace ɗayan zai riƙe kifin kafin ka gyara.

Na'urori uku da ake rikita su

1. Famfon tura ruwa. Shi ake nutsarwa a cikin tanki, ya zuƙi ruwa ya tura shi ta tiyo zuwa matata ko wani tankin. Ƙanin sumon rijiyar burtsatse ne, sai dai an ƙera shi ya yi aiki awa 24 da wuta kaɗan.

2. Fankar cikin ruwa. Ita ce ta masu murjani. Tana mannewa a bangon akwati da maganaɗisu ko roba, tana kaɗa dubban litoci a awa da wutar da sau da yawa ba ta kai wat 15 ba. Amma ba ta iya ɗaga ruwa sama ko taƙi ɗaya, don haka ba ta kai ruwa matata.

3. Famfon iska. Wannan a waje yake zama, yana hura iska ta siririn tiyo zuwa wani dutse mai ƙofofi a ƙasan tanki. Kumfar da ke tasowa tana ɗago ruwan ƙasa zuwa sama ta kuma kaɗa saman ruwan.

Wanne ne naka? Idan kana da matata, na farko dole ne. Idan karfasa kake kiwo, ko kana ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, famfon iska ne farkon abin saye. Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a saman matsatsinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kake ganin tana leƙowa sama tana komawa. Mai manyan tarwaɗa da ke canza ruwa a kan kari zai iya yin kiwonsa ba tare da famfo mai aiki dare da rana ba. 'Ya'yanta kuwa sai bayan 'yan makonni wannan gaɓar ke ƙosawa, kafin nan da iskar cikin ruwa kaɗai suke rayuwa.

Lissafi na ɗaya: lita nawa ke tankinka?

Auna zurfin ruwan da ke ciki, ba tsayin bangon tanki ba.

Tanki mai kusurwa huɗu: tsawo × faɗi × zurfi, duk a mita, sannan × 1,000. Tanki mai mita 3 da mita 2, ruwa mita 1, ya ba ka lita 6,000.

Tanki mai da'ira: raba faɗin bakinsa biyu, ka ninka amsar da kanta, sannan × 3.14 × zurfi × 1,000. Mai faɗin mita 2 da ruwa mita 0.8 ya ba ka kusan lita 2,500.

Akwatin gilashi: tsawo × faɗi × zurfi a santimita, ka raba da 1,000. Mai 60 da 30 da 35 yana cin lita 63.

Lissafi na biyu: sau nawa ruwan zai zagaya a awa?

Akwatin kifin ado na ruwan daɗi yana son ruwansa ya bi ta matata sau 4 zuwa 6 a awa. Mai lita 63 ke nan yana buƙatar kusan lita 300 a awa. Tankin kiwo mai matata yana son sau 1 zuwa 2 a awa, gwargwadon cunkoson kifi da yawan abincin da kake zubawa. Tankin roba mai lita 1,000 zai nemi lita 1,000 zuwa 2,000 a awa. Bari mu ɗauki 1,500 mu ci gaba da shi.

Kada ka ce bari in ninka don in more. Kifin da ke fama da igiya duk yini yana ƙona abincin da ka saya da tsada wajen iyo maimakon ya yi nama da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lissafi na uku: mita nawa za a ɗaga ruwan?

A nan ne kuɗin mutane ke tafiya a banza. A jikin kwali za ka ga lambobi biyu. Qmax shi ne yawan ruwan da famfo ke bayarwa idan bai ɗaga shi sama ko kaɗan ba. Hmax shi ne tsayin da idan ruwa ya kai, ya tsaya, ko ɗigo ba ya fita. Ba a taɓa samun su biyun a lokaci ɗaya. Famfon da aka rubuta masa Qmax 3000 L/H da Hmax 3m, idan ka sa shi ya ɗaga ruwa mita ɗaya da rabi, abin da zai ba ka bai wuce rabi ko sama da rabi kaɗan ba.

Auna tsayin daga saman ruwan tanki zuwa bakin da ruwa ke zuba a matata. Zurfin da famfon ya nutse ba ya cikin lissafi. Sannan ka tuna cewa doguwar tiyo da siririn bututu da kowace kwana suna rage gudu. Bututu mai inci 1 ya ninka mai rabin inci sau huɗu wajen faɗin hanyar ruwa, don haka kada ka ƙanƙance bakin famfo da ƙaramar tiyo.

Famfo na kirki yana zuwa da wani zane mai lanƙwasa a kwali ko a takardarsa, wanda ke nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi. Nemi tsayinka a zanen ka karanta litar da ke daidai da shi. In babu zane, zaɓi wanda Hmax ɗinsa ya ninka tsayinka sau biyu, Qmax ɗinsa kuma ya ninka buƙatarka sau biyu. A misalinmu na lita 1,500 a tsayin mita ɗaya da rabi, mai 3000 L/H da 3m shi ne daidai. Hanya mafi araha ita ce ka sauko da matatar ƙasa yadda za ta yiwu. Duk rabin mitar da ka rage, ruwa ya ƙaru ba tare da ƙarin wuta ba.

Lissafi na huɗu: wuta nawa zai sha?

Kuɗin sayen famfo sau ɗaya ake biya, kuɗin wutarsa kullum ne. Ninka wat ɗinsa da awa 24, ka raba da 1,000, ka sami yunit na kwana ɗaya.

Famfo mai wat 40 yana shan kusan yunit 1 a kwana, wato kusan 29 a wata. Injin rabin doki da ake tura ruwa tankin saman gida da shi yana shan wajen wat 370. In ka bar shi dare da rana, kusan yunit 9 ne a kwana, sama da 260 a wata. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit. A wannan farashin, na farko zai ci maka wajen naira 6,500 a wata, na biyu kuma kusan 60,000. Duba rasidin KEDCO ɗinka ka ga farashin rukuninku, ka yi naka lissafin. Irin wancan injin na cika tanki ne ko canza ruwa na ɗan lokaci, ba na juya ruwa ba.

Idan da sola za ka yi aiki, ga yadda abin yake. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh. In na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata ka sha don ya yi ƙarko, wato 600Wh. Famfo mai wat 40 zai yi awa 15 a kai, daidai tsawon lokacin da rana ba ta da ƙarfi, daga yamma zuwa hantsi. In ka bi ta inbata, ka rage wajen awa biyu ko uku. Farantin sola kuma, raba 960Wh na kwana da awa 5 na rana mai ƙarfi, ya ba ka wat 192. Ƙara abin da ke zubewa a waya da caji da ƙura, ka nemi mai wat 250 zuwa 300.

Saboda haka famfon DC mai bolt 12 ko 24 ya fi dacewa da mai sola. Mai bolt 12 yana iya aiki daga batir ba tare da inbata ba, kuma da yawansu suna da maɓallin rage gudu da ƙarawa. Famfon AC kuwa in aka ɗora shi a kan inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi, yakan yi ƙugi ya ɗau zafi.

Gwajin jarka

Da ka haɗa famfo a inda zai zauna, gwada shi da jarkar 'yan ga-ruwa. Buɗe agogon ƙidayar daƙiƙa a wayarka, tara jarkar a bakin da ruwa ke zuba, ka ga daƙiƙa nawa ta ɗauka ta cika. In mai lita 20 ce, raba 72,000 da daƙiƙun. In mai lita 25 ce, raba 90,000. Jarka mai lita 20 da ta cika a daƙiƙa 48 tana nufin lita 1,500 a awa. Rubuta wannan lambar a wayarka, ka sake gwajin duk mako biyu. Ranar da ka ga ta faɗi sosai, datti ya toshe farfelar famfon ko tiyo.

Ina za a ajiye shi?

Ka lura idan ka juya shayi da cokali, ganyen yana taruwa a tsakiyar ƙasan kofi? Haka tanki mai da'ira yake. Sa ruwan da ke dawowa ya shigo ta gefe yana bin bango, sai datti ya taru a tsakiya, inda ya kamata magudanar ta kasance. A tanki mai kusurwa huɗu, ajiye famfo a wannan ƙarshen, ruwa ya dawo ta wancan ƙarshen. Don gano lungun da ruwa ba ya motsi, watsa ɗan abincin kifi mai iyo ka bi shi da ido. Inda ya je ya tsaya, nan ne za ka sa dutsen iska.

Bari ruwan da ke dawowa ya zubo daga sama yana fantsama, ta bututun da aka huda masa ƙofofi. Haka ma ruwan burtsatse idan za ka cika tanki, domin yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin oksijin. In akwai ƙananan kifi, rufe bakin zuƙar famfo da raga ko soso, in ba haka ba zai haɗiye su.

Famfon iska kuma, ɗora shi sama da saman ruwa, ko ka sa 'yar robar nan mai hana ruwa komowa a jikin tiyo. In an ɗauke wuta, ruwa na iya biyo tiyo ya shiga cikinsa. Duba ƙarfinsa ma: kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa tana buƙatar kusan 0.01MPa, don haka tanki mai zurfin mita 1 yana son wanda aka rubuta masa 0.02MPa ko fiye.

Idan an ɗauke wuta

Lokaci mafi haɗari shi ne daga tsakar dare zuwa asuba, musamman a tankin da ruwansa ya yi kore. Gansakukar da ke ba da oksijin da rana, da dare shan sa take yi. Bakteriyar matata ma tana buƙatar iska. Makonni 4 zuwa 6 take ɗauka kafin ta kafu, amma in ruwa ya daɗe a tsaye sai ta fara mutuwa.

Akwai famfon iska mai batir a ciki, wanda ke komawa kan batir da kansa da zarar wuta ta tafi. Mai akwatin gilashi kuma zai iya sayen ɗan ƙarami mai USB da ke shan wajen wat 1. Fawa-bankin waya mai 10,000mAh zai riƙe shi kusan kwana ɗaya. Idan ka ga karfasa ta taru a sama tana buɗe baki, ko tarwaɗa ta rataye a tsaye ta ƙi cin abinci, dakatar da abinci nan take, ka canza wani ɓangare na ruwan, ka riƙa ɗiba da bokiti kana zubowa daga sama.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ko a kasuwar Dutse ne, ko Sabon Gari a Kano, ko ta intanet, duba waɗannan:

- Wutar ta zama 220 zuwa 240V da 50Hz. Mai 110V na Amurka ne, zai ƙone a soket ɗinmu.
- Famfon nutsarwa ya zama mai alamar IP68, wayarsa ba ta da yanka ko ɗauri.
- Buɗe murfin ka ga ko farfelar tana fita don wankewa, ka tambaya ko ana samun ta daban.
- In na tankin kiwo ne, nemi mai manyan ƙofofin zuƙa da ke wuce datti.
- Sa a gwada shi a bokitin ruwa a gabanka. Kada a kunna shi a bushe, domin ruwa ne ke sanyaya shi.

Da hunturu, ƙura tana toshe sosan famfon iska tana kuma rufe farantin sola, sai ka riƙa share su duk 'yan kwanaki. Da bazara kuma ka tuna cewa zafin famfon nutsarwa a cikin ruwa yake ƙarewa, wanda hakan wani dalili ne na ƙin sa babba a ƙaramin akwati.

Ruwa da lantarki ba a yi musu ganganci. Zare filogi kafin ka tsoma hannu, ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya zuba ƙasa. Sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka na'urar yanke wuta mai 30mA a layin, musamman a gidan da yara ke wasa kusa da tanki.

Idan kana son a auna maka oksijin da amoniya da pH, ko shawara kan yawan kifin da tankinka zai ɗauka, Jami'ar Tarayya da ke Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi a tsangayar aikin gona. Kafin nan, ɗauki tef ka auna tankinka yau, ka rubuta lambobi huɗu a wayarka: litar tanki, litar da kake so a awa, tsayin da za a ɗaga ruwa, da wat ɗin da wutarka za ta iya ɗauka. Da su za ka shiga shago. Sai mun haɗu a darasi na gaba.